Tsintsiya a Hannu, Ɗan Wata a Baya

Kafin a buɗe tagar yankar kati, Gwaggo ta riga ta share barandar asibitin tun daga bakin ƙofa har gaban ɗakin tiyata. Kowa Gwaggo yake ce mata, har babban likita da ya girme ta. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji, don haka gara a yaba mata tun tana ji da kunnenta.

Shugabar masu shara ta daɗe tana ƙorafin Gwaggo ba ta da sauri. Gaskiya ne, amma a bi ba'asi. In Gwaggo ta hango mutum shi kaɗai a kan benci ya buga tagumi, to ƙarƙashin bencin nan ba ya sharuwa da wuri. Ta share, ta dawo ta goge, sannan ta ce, "Ɗan ɗaga ƙafa, ɗana. Wa ka kawo?" Kafin ya sauke ƙafar ya gaya mata ciwon, da nisan garinsu, da rabonsa da abinci. Mai gadi ya sha ganinta ta jingine tsintsiya ta raka tsoho har ɗakin ɗaukar hoto, don ta san kwatance ba zai kai shi ba. Mai ba da magani kuwa tsokanarta yake yi: "Gwaggo, yau 'ya'yanki nawa aka sallama?" Sai ta ce, "Kai dai ba da maganinka, ban da sa ido."

Akwai labarin da ma'aikatan jinya ba sa gajiya da bayarwa. Wata safiya wata matashiya ta zo daga nesa da ciwon ciki, da jariri a baya. Likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki nan take, jinkiri zai iya cin ranta. Mijinta yana hanya, wayarsa ba ta shiga. Ba a shiga ɗakin tiyata da jariri, ma'aikatan kuma kowa hannunsa cike yake. Sai ta gyara goyonta ta ce za ta je gida ta bar shi wajen yayarta ta dawo. Ta fito tana dafa bango, a duƙe.

Gwaggo ta sha gabanta. "Ina zuwa, 'yata?"

"Gida, Mama. Ba ni da wanda zan bar wa shi a nan."

"To ni bango ce a gabanki? Kwanto shi."

Matar ta ƙara riƙe bakin zanin. "Ban san ki ba."

"Ni ma ban san ki ba. Amma wannan tafiyar da kike yi ba ta kai ki gida." Gwaggo ta ja tsintsiya a ƙasa, shar, shar. "Kin ji wannan? In kin farka, kada ki tambayi kowa. Ki kasa kunne. Inda kika ji ta, nan ɗanki yake."

Aka shiga da matar. Gwaggo ta goya yaron, ta roƙo masa madara daga ɗakin yara, ta koma gaban ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa aiki. Lokacin tashinta ya yi ya wuce. Wurin ya yi fes, ko ƙwayar yashi babu, amma ba ta fasa shara ba. Wata nas ta turo mata kujera, ta ce, "Haba Gwaggo, ki zauna mana." Ta girgiza kai. "In na zauna tsintsiya za ta yi shiru." Shugabarta ta zo da faɗa a baki, ta ga ɗan kan da ya kwanta a kafaɗar Gwaggo, ta juya ta tafi abinta.

Da yamma matar ta fara motsi. Nas ɗin da ke kanta ta ce ko ido ba ta buɗe ba, sai dai ta karkata kai wajen ƙofa. Shar, shar. Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne.

Gwaggo, ke ce uwar wanda ya zo ba uwa. Ke ce kika mai da baranda gida ga mutanen da ba su san kowa ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan hutu. Mu kuma da muke wuce mutum cikin damuwa idonmu na kan waya, mu ɗan rage sauri. Ba sai mun iya tiyata ba, riƙe wa wani kayansa na ɗan lokaci ma ceto ne.

Matar nan ta koma gida da ƙafafunta, da ɗanta a baya. Har yau ba ta san sunanki ba, Gwaggo. Ke ma ba ki tambayi nata ba.