Guɗar Gwaggo

A unguwarmu a Tsohon Birnin Gwari ba a kai amarya sai gwaggona ta yi guɗa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni. In ta kama hanci ta rangaɗa, har na bakin kasuwa sun san an fito da amarya. Tun ina ƙarama take ce mini, "Taki sai ta fi ta kowa tsawo."

Sai asma ta kama ta, irin mai tsananin nan. Hayaƙin murhu ya tayar mata, ƙaiƙayin dawa ya tayar mata, turaren wuta ma da take so ya zama abokin gaba. Abin shaƙarta kullum yana ƙulle a bakin zani. Ƙwayoyin da ake ba ta in abin ya tashi suka kumbura mata fuska. Ta daina zuwa biki. Ba ta taɓa cewa abin yana damunta ba, amma in an yi guɗa a maƙwabta sai ta ce, "Wannan kuka ne ko guɗa?"

Ana shirin sa ranar aurena ɗanta ya kai ta wani babban asibiti a Kaduna, na raka su. Bayan gwajin jini likita ya ce akwai allura ta wata-wata. Ya ce irin sojojin garkuwar jiki ne aka haɗa, aikinsu su tare abin da ke kumbura hanyar numfashi. Ba ta warkarwa, rage tashin ciwon take yi, kuma kada a ajiye abin shaƙa.

Mu kuwa allurar da muka sani ita ce ta kemis: a yi maka da hantsi, da la'asar ka tafi gona. Gwaggo ta dawo gida ta jira, ba ta ga komai ba. Wata ya zagayo ta ce ba za ta koma ba.

"Allurar da ko zafi ba ta yi? A kanta zan sake ratsa dajin nan, ana tare mutane?"

Raina ya ɓaci, don ni ma tsoron hanyar nake ji. Na ce, "To Gwaggo, sai ki zaɓa mini wadda za ta yi guɗar."

Ta harare ni, ta ɗauko mayafi.

Sauƙin bai zo da sallama ba. Wata rana dai na ga ta tsaya kusa da murhu tana faɗa a kan miya, ba ta yi tari ba. Kumburin fuskarta ya sace. Duk da haka ta roƙi wata maƙwabciya ta yi mini guɗar, wai ba ta so numfashi ya yanke mata a gaban dangin miji.

Ranar kai ni, ina lulluɓe, muka isa ƙofar gidan miji. Maƙwabciyar ta gyara murya. Sai na ji Gwaggo a bayana ta ce, "Dakata, 'yata ce."

Guɗar ba ta yi tsawon da ta yi mini alkawari ba, amma ta kai ƙarshe ba ta yanke ba. Ta ƙasan mayafi na ga hannunta ya kai bakin zani, ya taɓa ƙullin, ya sauka. Kukan da nake yi na al'ada nan ya koma na gaske.