Usta Bayyumi da Tarago Mai Lamba Biyu

Har yau idan aka tambaye ni ko taragon nan ya taɓa wanzuwa, sai in rasa ta cewa. Ni dai na san shekara goma sha ɗaya na yi ina yankan tikiti a cikinsa, daga unguwar Karmuz zuwa bakin teku, gwiwoyina ma shaida ne. Amma takarda ta ce babu shi, kuma a Iskandariyya ban ga wanda ya ja da takarda ya ci ba.

Wanda ya haɗa shi Usta Bayyumi Shahata ne, babban makanikin garejinmu na taram, jirgin lantarkin nan da ke ratsa titunan gari tun zamanin kakanninmu. Ɗan mai sayar da kifi ne daga unguwar Anfushi. Ƙarnin kifi ya kore shi daga rumfar ubansa yana shekara goma sha shida, ya zo gareji ya fara da shara. Gajere ne kakkaura, ɗan yatsansa na hagu guntu, ƙafar tarago ta cinye rabi. Karatu kuwa, sunansa kawai yake iya rubutawa, shi ma sai ya haɗa gumi. Amma ya kara ƙarfe a jikin inji ya sa kunne, sai ya gaya maka abin da zai lalace mako mai zuwa, kuma wallahi ya lalace.

Matsalarmu ofis biyu ne. Ofishin da ke nan birni ya ce injuna da layin dogo na mutanen babban birni ne, su biya gyara. Na babban birni suka ce taram a titinku yake tafiya, mutanenku yake ɗauka, ku biya. Haka suke ta jifan juna da wasiƙu tun ina da baƙin gashi. Ko ƙusa ɗaya sabuwa ba ta shigo garejin ba. Saboda haka Usta ya koma cin gawa. Akwai fili a bayan gareji da muke kira maƙabarta, inda ake jibge taragun da aka rubuta sun mutu. Nan yake kwance birkin wannan ya ɗaura wa wancan, ya ciro ƙofar wancan ya liƙa wa wani.

Shekarar da matarsa Fawziyya ta rasu, taragu biyu suka shiga maƙabarta. Mai lamba 117 ƙarfen ƙasansa ne ya tsage, amma jikinsa lafiya lau. Mai lamba 142 kuma motar siminti ce ta murƙushe masa jiki, amma injin da ƙafafu garau. Usta ba ya son komawa gidan da babu kowa, 'yarsa ɗaya tana aure can Damanhur. Sai ya duƙufa. Wata huɗu yana fama, ya ɗora jikin wannan a kan ƙasan wancan. Ranar da ya fito da shi, direbobi har faɗa suka yi kan wanda zai tuƙa. Ba ya kuka a kwana, ba ya tsayawa a ruwan sama. Babu wanda ya tuna cewa ya kamata a sanar da wani ofis. Tarago na tafiya, me kuma za a rubuta?

Sai ga shi wata rana an ce ofisoshin biyu sun yarda su turo mutum ɗai-ɗai su ƙirga taragun da ke da rai, don a san nauyin da za a raba. Muka yi murna, mu wawaye. Abin haushin ma, a cikin taragon namu suka iso gareji, ni na yanka musu tikiti da hannuna. Na birni mai ƙiba ne, yana ta fifita da fayil. Na babban birni dogo ne, bai yi wa kowa sallama ba.

Da muka tsaya, mai ƙiba ya dubi lambar da ke fente a jiki, ya buɗe littafinsa.

"Ɗari da sha bakwai. Wannan ai ya mutu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanne? Wanda ka sauko daga ciki yanzu?"

"Ni ban san wanda na sauko daga ciki ba. Ga shi nan a rubuce, matacce, shekara goma sha ɗaya."

Dogon ya yi tsaki, ya ce su ba sa aiki da fenti, lambar da aka buga a ƙarfen ƙasa suke bi. Ya durƙusa da tocila ya leƙa, ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Ɗari da arba'in da biyu ne. Shi ma matacce."

Aka kira Usta, ya zo yana goge hannu da tsumma. Ya yi musu bayani tiryan-tiryan, har da nuna inda ya yi walda.

Mai ƙiba ya ce, "To, Usta, wanne ne a cikin biyun?"

"Duka biyun ne, ranka ya daɗe."

"Duka biyun kuwa sun mutu."

"Amma ai yana tafiya."

Dogon ya ce, "Da izinin wa yake tafiya?"

Usta ya juyo ya dube ni, kamar ni ke da amsa. Ni kaina a lokacin kaina ya ɗaure tamau. Shekara talatin mutanen nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai ranar, a kan taragon da ya fi kowanne lafiya. Matacce ba ya cin kuɗin gyara, shi ke nan kowa ya huta. Suka sa aka tura shi maƙabarta, suka ɗaure ƙofofinsa da sarƙa, kowannensu ya manna hatiminsa. Da sun sayar da shi ga masu gwangwan a makon, amma sai sabuwar rigima ta tashi kan wanda zai karɓi kuɗin ƙarfen. Wannan rigimar ce ta bar shi a tsaye.

Shugabar garejinmu, Injiniya Madiha, mace ce mai zuciya. Ta rubuta wasiƙa tana roƙon a ba taragon sabuwar lamba, a ɗauke shi sabon haihuwa. Ta ce wa Usta, "Ka yi haƙuri, Baba Bayyumi, za su amsa. Kai dai ka kula da shi." Ya kuwa kula. Kullum da safe, kafin ya taɓa gurasarsa da wake, sai ya je ya shafa masa mai saboda iskar teku, ya rufe injin da buhu.

To amma layin Karmuz sai da taragu huɗu yake tafiya. Idan suka ragu, an riga an gaya mana za a rufe shi a kawo ƙananan bas. Ga ma'aikatan masaƙa, ga mata masu zuwa kasuwar kifi, waɗanda kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. A wata na uku da ɗaure taragon, birkin ɗaya daga cikin huɗun da suka rage mana ya ƙare, maƙabarta kuma an riga an tsotse ta, babu sauran abin kirki sai a jikin taragon Usta.

Injiniya ta same shi muna shan shayi. Ta daɗe tana juya kofi kafin ta ce, "Baba Bayyumi, ƙofofi suka sa wa hatimi. Ba su sa wa ƙasansa ba."

"A'a, 'yata. Kada ki fara."

"Aro ne. Da wasiƙa ta zo sai a mayar."

"A mayar daga ina?"

Ya kwana biyu yana jan ƙafa, rana ta uku na gan shi ya ɗauki sufana ya nufi bayan gareji. Na ce, "Usta, in zo in riƙe maka?" Ya ce, "Ka riƙe bakinka, Hilmi, ya ishe ni."

Daga birki sai sandar da ke jan wuta daga waya. Daga nan sai fitilu, sai ƙafafu biyu. Kowane karo yana cewa aro ne, kuma shi kaɗai yake kwancewa, ba ya yarda wani ya sa hannu. A wata na bakwai injin wani tarago ya ƙone ƙurmus. Rannan na ga dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya yana kwance inji yana share ido da bayan hannu. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga. Injiniya? Tana da gaskiya. Usta? Layin bai tsaya ko na yini ɗaya ba saboda shi.

A wata na tara wasiƙa ta iso, da hatimi biyu, na birni da na babban birni. Sun amince. An ba taragon lamba 301, a cire sarƙa, a fito da shi layi ranar Asabar. Har da gwangwanin farin fenti ɗaya suka haɗo, don rubuta lamba. Shi ne sabon abu na farko da na ga ya shigo garejin nan daga wajensu.

Injiniya ta kasa kai wa Usta, ni ta ba wasiƙar da gwangwanin. Na same shi a maƙabarta. Taragon na zaune a kan gumagumai, ƙasansa wayam, kana hango ciyawa ta ɗaya gefen, kyanwa ta haihu a ƙarƙashin kujerar direba. Na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake.

"Ranar Asabar suka ce?"

"Asabar."

Ya dubi inda injin yake a da. Can ya ce, "Hilmi, kai da ka yi makaranta, fahimtar da ni. Lokacin da yake tafiya sun ce ya mutu. Yanzu sun ce yana da rai. To wa ya kashe shi, ni ko su?"



Ya karɓi gwangwanin daga hannuna, ya nemo buroshi, ya hau kan akwati. Ya ce in zana masa lambar a ƙasa da tsinke don kada ya yi kuskure. Yana dubawa yana kwaikwaya, ya rubuta uku, da sifili, da ɗaya, a gaba da baya da gefe biyu. Da ya gama ya wanke buroshin tas, ya miƙa mini mabuɗan akwatin kayan aikinsa, ya ce in kai wa Injiniya, shi ya tafi Damanhur wajen 'yarsa.