Baƙin Akwatin Alhaji Garba

Har yau ban manta da ranar da akwatin ƙarfe ya ƙona mini tafin hannu a bakin kanal, can wajen Bunkure. Shi ne dai baƙin akwatin nan da ke kusurwar ɗakin gwajinmu, wanda duk sabon ma'aikaci sai ya tambaye ni me ya hana mu sayar wa 'yan gwangwan. Tun da tambayar ta ƙi ƙarewa, bari in ba ku labarinsa gaba ɗaya in huta.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a sashen manhaja, ƙarƙashin Injiniya Rabi, shugabar sashen. Abin da muke ƙerawa shi ne na'urar da ke buɗe bawul ta rufe shi a kan bututun ban ruwa, tana aiki da hasken rana da ɗan batir. Ga wanda ba sana'arsa ba, a cikinta akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta fi farcen babban yatsa ba, tana tafiya da wani tsarin aiki da ba ya karɓar uzuri: in an ce a yi abu yanzu, to yanzun ne. Ni kuma rabona shi ne ɓangaren manhajar da ke magana da agogon na'urar, wanda muke kira direban agogo. Shi ke ƙirga lokaci, shi ke tayar da kowane aiki idan sa'arsa ta yi. Aiki ne da ba mai yaba maka a kansa, ba a ma tunawa da kai sai ranar da agogo ya yi ƙarya. Ni kuwa hakan ya yi mini, don ba na son hayaniya.

Agogo biyu ne a cikin na'urar. Na farko mai ɗan dutsen kiristal ne, ba ya kuskure, amma yana da cin batir. Na biyu rago ne, ba ya cin komai, da shi na'urar ke ƙirga lokaci idan ta kwanta barci tsakanin aiki da aiki, kuma kusan kullum barcin take. In ta farka sai direba ya tambayi ragon agogon tsawon barcin, ya ƙara a kan lissafinsa. Kowace safiya kuma saƙo ke zuwa ta layin waya ya saita lokacin gaba ɗaya. Haka muka gaji tsarin daga manhajar da injiniyoyin duniya ke haɗuwa suna gyarawa kyauta, kuma bai taɓa ba mu matsala ba.

Wata ƙungiyar manoman rani ce ta ɗauki guda ɗaya, su kaɗan ne a kan bututu ɗaya, suna karɓa-karɓa. Shugabansu Alhaji Garba, mai tumatir. Maƙwabcinsa na gona Baba Bitrus, mutumin Filato, ya daɗe a yankin har 'ya'yansa Hausar Kura suke yi, shi kuma tattasai yake nomawa. Tun kafin zuwan na'urarmu suna da wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Baba Bitrus ke ɗaukar ruwan tsakar rana, daga kafin azahar zuwa dab da la'asar, don sauran su samu su yi salla a natse, musamman ranar Juma'a. Su kuma ran Lahadi da safe suna duba masa gona, su kore masa awaki, har ya dawo daga coci. Da muka zo saka jadawali sai muka saka shi yadda suka faɗa. Bayan Baba Bitrus, ruwa gonar Alhaji Garba yake wucewa.

Da sanyi komai lafiya. Zafi na shigowa sai ga wayar Alhaji Garba.

"Injiniya, na'urarku tana neman haɗa ni faɗa da Bitrus, mutumin da muka yi shekaru ko kallon banza ba mu yi wa juna ba. Ya ce ruwansa na yankewa kafin lokaci, ya dawo gonata. Wallahi ban taɓa ta ba, ban ma san inda ake taɓawa ba."

Na duba bayanan da na'urar ke turo mana, ta nuna ta ba kowa lokacinsa cif. Na ɗauko irinta na kunna a ofis, ƙarƙashin sanyin iyakwandishan, na zuba mata ido har na gaji, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na je na shaida wa Injiniya Rabi cewa ba laifin na'ura ba ne.

Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Na'urar."

Ta ce, "Wato ka tambayi wanda ake tuhuma, ya ce ba shi ba ne, ka rufe shari'a. Nasiru, ɗauki kwamfutarka ka tafi Bunkure."

Na isa da hantsi, rana ta riga ta fara cizo. Baba Bitrus na fara samu. Bai ɗaga murya ba, hannuna kawai ya ja zuwa ƙarshen gonarsa. Fangalin farko, wato komin shuka na kusa da bututu, kore shar, tattasai ya fara fure. Amma na can ƙarshe, wanda ruwa ke isa gare shi a ƙurarren lokaci, ganyensa ya lanƙwashe, furen na zubewa ƙasa. Ko ni da ban san noma ba na ga cewa in aka ƙara ɗan lokaci a haka, wannan ɓangaren ya tafi.

Ya ce, "Ɗana, ni ban ce Alhaji ya cuce ni ba. Amma makulli a hannunsa yake, ruwana kuma gonarsa yake zuwa. Kai in kai ne, me za ka ce wa zuciyarka?"

Ya ƙara da cewa ya yanke shawara: in sati ya zagayo ba a gyara ba, zai fita daga ƙungiyar, ya koma janyo ruwa da injinsa na fetur, kowa ya duba gonarsa da kansa. Daga baya na ji cewa har ya daina zuwa gindin mangwaron da suke shan fura tare. Wannan ya fi maganar fangalin tsaya mini a rai.

Makullin da ya ambata ya ɗaure mini kai, don mu a robar toka-toka mai huji muke kawo na'urarmu, ba ta da kwaɗo. Sai ga Alhaji Garba ya iso a kan babur, ya kai ni wurin bawul yana tafe yana taƙama. Ashe bayan mun tafi sun ga robar ba ta yi musu ba, ga ɓarayin batir, ga shanun da ke zuwa shan ruwa. Suka kai wa mai walda a Kura ya yi mata akwatin ƙarfe mai kauri da kwaɗo, ba ƙofar iska ko ɗaya don kada kunama ta shiga, Alhaji ya shafe shi da ragowar baƙin fentin ƙofar gidansa.

"Ko da guduma ɓarawo ya zo, sai dai ya koma da ciwon kafaɗa," in ji shi.

Ya buɗe kwaɗon ya miƙo mini makulli, na kai hannu zan ɗaga murfin. Ihun da na yi sai da tsuntsaye suka tashi daga gonar shinkafar da ke gefe. Alhaji ya ce, "Af, na manta ban ce ka sa tsumma ba."

Ina hura hannu abin ya faɗo mini. Na jona kwamfuta, muka mayar da murfin, na zauna a inuwar babur ina gwada ragon agogon da mai kiristal. Yadda rana ke ƙara hawa, haka ragon ke ƙara sauri. Zafi ne ke sa shi gudu, direba kuma ya yarda da duk abin da ya gaya masa, don wanda ya rubuta shi ya ɗauka saurinsa ba ya canzawa. Da safe da yamma kuskuren kaɗan ne, da asuba kuma saƙo ya goge shi. Duk nauyin a kan mai ruwan tsakar rana yake sauka. Muna zaune mu uku bawul ya yi ƙara ya juya ruwa gonar Alhaji, alhali makulli na kan cinyata, agogon wayoyinmu kuma duk sun nuna da saura.

Da na yi musu bayanin zafin, Alhaji Garba ya yi salati. Ya ce, "Wato alherin da ka yi mana, Bitrus, shi ya ja maka, ni kuma da fentina na ƙarasa ka."

Baba Bitrus ya cire hularsa ya share fuska ya daɗe yana kallon akwatin.

A ranar na buɗe bawul da hannu na ƙarasa masa ruwansa, muka cire murfin muka yi wa na'urar rumfar zana. Gyaran gaskiya a ofis na yi shi. Na sa direba ya daina yarda da ragon agogo haka kawai: lokaci-lokaci in na'ura ta farka, sai ya kunna mai kiristal na ɗan ƙiftawar ido, ya auna saurin ragon, ya gyara lissafi. In zafi na canzawa sai ya yawaita awon, in ya tsaya ya rage, don kada batir ya ƙare. Wahalar ita ce a yi awon ba tare da an tsayar da sauran ayyuka ba, nan na sha fama. Gwaji kuwa a motar Injiniya Rabi na yi shi, na rufe gilasai na bar na'urar a gaba tana shan rana. Ta ce in kujerarta ta narke, daga albashina.

Da ya tabbata, ta ce in tura gyaran ga masu kula da manhajar ta duniya. Wani daga cikinsu, da alama daga ƙasar sanyi yake, ya rubuto cikin ladabi yana tambaya wace irin na'ura ce za ta kai wannan zafin ba gobara ake ba. Na tura masa hoton akwatin, da Alhaji tsaye a gefe. Bai sake tambaya ba, suka karɓa. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Na koma Bunkure don saka sabon direban, na tarar an yi wani akwatin, fari, mai tagogin raga. Su biyun suna gindin mangwaro da ƙwaryar fura a tsakaninsu. Fangalin ƙarshe ya farfaɗo, ko da yake furen farko ya riga ya tafi. Alhaji ya ce tun da na zo, in juya jadawalin, shi zai koma tsakar rana, a ba Bitrus nasa lokacin na yamma.

Baba Bitrus ya ce, "Injiniya, kada ka taɓa. Shi ya je ya yi sallarsa. Wa zai kore mini awaki ran Lahadi in na tsare shi a gona da azahar?"

Na bar shi yadda yake. Tsohon akwatin kuma Alhaji da kansa ya ɗora mini a but ɗin mota, ya ce ba ya son ganinsa.

Abin da na koya shi ne, mu masu wannan aiki muna cewa kuskure ɗan kaɗan ne, mu raba shi a kan yini guda mu ga bai kai komai ba. A gona ba a raba shi, kan mutum ɗaya yake faɗawa, kuma sau da yawa wanda ya yi haƙuri ya karɓi lokacin da kowa ke gudu. Shi ya sa duk direban agogon da kuka rubuta a sashen nan, sai ya yi yini a cikin akwatin Alhaji Garba a tsakiyar rana kafin in sa hannu. In za ku buɗe, ku nemi tsumma.