Ulun da ke Saman Kicin

Noelene Tatnell ta haura shekara saba'in ba ta taɓa amsa cewa tana jin sanyi ba. Mutanen Oatlands duk haka suke, ka tarar da mutum haƙoransa na kaɗawa, ya ce maka yau ai garin da dama-dama. Gidanta na katako ne, iska na shiga ta fita ba sallama. Idan Yuli, watan tsananin sanyinsu, ya kama, sai ta ɗora rigar sanyi a kan rigar sanyi, ta ja kujera gindin murhun kicin tana saƙa. A can ta raini 'ya'ya uku, a can ta yi zaman takabar mijinta Merv, mai yi wa tumaki aski, mutumin da magana ke yi wa wuya kamar ana sayar masa da ita.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti. Nan 'yarta Kerrie ta kafe.

"Mama, ko a gyara gidan nan kafin sanyi, ko ki tattara ki dawo wurina Hobart. Na gama magana."

"In dawo in yi me? In zauna a bene ina ƙirga motoci?"

Amma ta tsorata ƙwarai, don ta san halin 'yarta. Ta shiga neman ɗan kwangilar da zai shimfiɗa katifun tare sanyi a saman silin. Biyun farko ta waya suka yanka mata kuɗi, kuɗin da ya sa ta nemi wurin zama, alhali ko launin ƙofarta ba su sani ba. Na ukun, Dion, ya zo da tsaninsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Nasa farashin ma bai yi sauƙi ba, amma cire takalmin nan ya gama saye ta.

Ranar aiki ta toya waina da man shanu, ta dafa shayi, don a garin abin kunya ne ma'aikaci ya kai hantsi a gidanka bai sa komai a baki ba.

"Iya, in kika ci gaba da ɗura min haka, ramin silin ɗin nan ba zai ɗauke ni ba."

"Ci, ɗan nan. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama."

Ya hau, bai jima ba ya leƙo, kansa duk yanar gizo.

"Iya, wa ya zuba ulun tumaki a nan?"

"Wane ulu kuma?"

"Ɗanye ne, ko wanki bai gani ba. Ko'ina fayau, sai saman kicin kaɗai, daidai kan kujerarki. An jera shi da kyau, wani kan wani."

Nan take Noelene ta gane. Merv ne, ba ko tantama. Mutumin da kullum ke cewa sanyi ƙarfin jiki ne, ashe duk lokacin aski yana ɓoyo abin da ya samu yana hawa da shi sama. Ta zage shi a fili, ta ce tsohon banza, sannan ta yi kuka mai daɗi.

"Asu ya cinye rabinsa," in ji Dion. "Gaskiya kwashewa ya kamata."

Ta so ta hana, sai ta tuna Hobart.

"Kwashe. Miƙo min dunƙule ɗaya kawai."

Dion ya kwashe, ya shimfiɗa katifun. Da sanyi ya kankama Kerrie ta zo dubiya, da shirinta na faɗa. Ta zaga ɗakuna, ta dafa bango, ta kasa kunne ko za ta ji tari, ba ta ji ba. Suna shan shayi zufa ta fara tsattsafo mata. Ta cire kwat ɗinta ta rataye a bayan kujera.

"Mama, ɗakina na da, akwai zanen gado? Zan kwana biyu."

"Yana inda kika bar shi," in ji Noelene, ta ƙara mata shayi.