Gwaggo Sardaran da Bangon da Muka Toshe

Shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da gida. Ina bakin aikin gini a Sharja, can ƙasar Larabawa, ranar Talata, 12 ga Agusta, Liyaƙat ɗan baffana ya kira ni: Allah Ya yi wa Gwaggo Sardaran rasuwa, bangon ɗakinta ne ya faɗo mata bayan ruwan kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gwaggo, ke kaɗai kika san gidan nan. Kakanki Nabi Bakash ya gina shi lokacin da aka jawo ruwan noman rani aka raba dajin ga manoma. Itatuwan rufin da ƙyauren zaure a amalanken shanu ya ɗauko su tun daga garin Jalandar. Bangon laka ce zalla, kaurinsa kamu biyu, a tsakiyar bazara ma da mayafi muke kwana. Kowace shekara kafin damina kikan kwaɓa laka da ƙaiƙayin alkama ki yaɓe shi da tafin hannunki, kuma duk wanda ya miƙo miki ko kwano ɗaya ba ya tafiya bai sha kindirmo ba.

Da aka kawo maganar shafe shi da siminti, a waya kika ce mini, "Manzur, ɗan nan, ƙasarmu gishiri gare ta. Bango ta ƙasa yake shan ruwa, ta jiki yake fitarwa. Kada ku toshe shi."

Ta wayar na jiyo Liyaƙat kusa da ke yana dariya. "Gwaggo, bango ne ko saniya?"

Haushinsa nake ji, amma ba zan ɗora masa laifina ba. Ni na aika a sayi simintin, don kunyar a ce gidanmu na laka ne. Ni da nake magini. Shekara huɗu bango yana ruɓewa a ciki, waje sumul.

Abin da na kasa yafewa shi ne tun ba a tashi daga zaman makoki ba ya kawo dillali daga birnin Lahor yana taya itatuwan rufin. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, kai da ke Sharja, a aljihu za ka zuba su?"

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya sanyaya kabarinki, Ya yafe mini. Ina yi wa 'yarki Nasrin da sauran dangi ta'aziyya, har da Liyaƙat.

Na roƙi maƙwabcinmu ya kwashe abin da ya samu ya ajiye mini. Ga abin da na tsira da shi: ƙyaure ɗaya, itace uku cikin goma sha ɗaya, da kwanon kwaɓa lakarki.