Malama Unaisi da Kwalekwalen Yayanta

Shekara talatin da ɗaya, kullum ƙarfe bakwai Malama Unaisi Tawake tana saukowa daga kwalekwale a gaɓar makarantarmu ta tsibirin Kadavu, takalmi a hannu, jan biro a soke cikin gashi. Ita ke koyar da aikin jarida a sakandare, kuma dokarta guda ce: ba a buga sunan mutum a jaridar makaranta sai marubucin ya je gidansa da saiwar kava, tsarabar girmamawa da ake kai wa mai gida a wurinmu, ya zauna kan tabarmarsa, ya karanta masa labarin ido da ido.

"Abin da bakinka ya kasa faɗa a gabansa, hannunka kar ya rubuta," in ji ta. Mu kuwa a bayan idonta muna kiran ta Jan Biro.

Ni Litiana, ni na jawo mata tsiya. Ina aji biyar na ƙirga mu ashirin da shida a kwalekwalen da ke kai mu makaranta, rigar ceto huɗu kacal. Na rubuta. Mai kwalekwalen kuwa Semesa ne, yayan Malama ciki ɗaya. Ka san a wurinmu mace ba ta yi wa yayanta magana kai tsaye, balle ta tona shi.

Malama ta karanta sau biyu. "Kin ƙirga da kanki?"

"Sau uku, Malama."

"To ɗauko kava."

Muka je gidan Semesa, muka zauna kan tabarmarsa. Ta zauna bayana, kanta a sunkuye, na karanta. Semesa ya ce, "Ke 'yar nan, tambayi malamarku, wa ya biya mata kuɗin makaranta?" Ta yi hawaye, amma ta ce in rubuta amsarsa yadda ya faɗa: riguna tsada, man fetur ya fi.

Aka buga. Makaranta ta ƙwace aikin daga hannunsa. Shekara uku bai taka gidanta ba, dangi suna cewa ta ci amanar jini. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba.

Malama, ke ce kika koya mana gaskiya da tausayi tafiyarsu ɗaya, kuma ke kika fara biyan farashin. Yau ina aikin jarida a Suva, babban birninmu, har gobe ba na buga sunan wanda ban zauna da shi ba. Na gode. Malaman da ke bayanki, ga sawu nan, ku taka.

Ran Juma'a ta yi ritaya. Da muka rako ta gaɓa, sai ga Semesa, furfura fal, kwalekwalensa shaƙe da rigunan ceto. Bai dube ta ba. Ya miƙo mini guda.

"Ke mai baki, ki ba malamarku ta saka. Kar a sake buga ni."

Ta saka, ta ɗaure igiyar rigar tana kuka, ya kai ta gida.