Hannuna na rawa, kuka ce ƙwaya nake sha

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Yau zan yi, kuma raina a ɓace yake.

Ni mai aski ne a Zuru. Bara hannuna ya fara rawa. Zuciyata tana bugu kamar na yi gudu, gumi ko a inuwa, ina ci kamar mutum biyu amma wando yana zamewa.

Wata rana na yanki wani dattijo a bayan kunne. Ya miƙe da tawul a wuya, ya ce, "Yaro, mi kake sha?"

Shi ke nan, gari ya ɗauka. Wasu suka ce ƙwaya, wasu burkutu. Mutanen da na yi shekaru ina yi wa aski suka koma wani shago. Ba wanda ya tambaye ni ko lafiya.

Mai kemis kuwa, kullum na je sai ya ce taifot ne, ya ɗaura mini ruwa. Ko wuyana bai taɓa dubawa ba.

Surukina ya taso daga Mahuta zai tafi da matata, Ladi. Ta ce, "Baba, ni nake kwana da shi. Ciwo ne."

Ita ta sayar da janaretan shago, ta kai ni babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗebi jini, aka yi hoton wuya. Ina zaune ina jiran sakamako, na tabbata cutar kansa za a ce.

Likita ta ce ƙullin da ke gaban wuya ne, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Sinadarinsa ke gaya wa sassan jiki yadda za su ƙona ƙarfinsu, har zuciya da jijiyoyi shi ke daidaita saurin aikinsu. Nawa ya yi yawa. Ta ce, "Da kun ƙara jinkiri, da zuciyarka ta gaza."

Yanzu ina shan magani, ina komawa gwaji. Hannuna ya tsaya, na sake buɗe shago.

Na gode wa Allah, da likitar nan, da Ladi.

In zuciyarka na gudu, kana ramewa, hannu na rawa, ka nemi gwajin jini na maƙoƙo. Maza ma yana kama su.

Ku kuma masu baki, in kun ga mutum ya canza, ku kai shi asibiti ko ku yi shiru.